A zuba mana tsoffin Ala



Duk wanda ya saba tsayawa a shagon masu cajin waya a nan Nasarawan Doya bayan la'asar, musamman lokacin saran rake da 'yan kuɗi ke zagayawa a hannun samari, ya san maganar da za mu ɗauko yau. Mutum zai miƙa waya ko memori ya ce, "A zuba min waƙoƙin Ala, amma fa tsoffin." Wani har ya ƙara da cewa, "Ban da na sarakunan nan." Mai shago ba ya ko ɗaga kai, don tuni ya ware su wuri guda a kwamfutarsa. Kafin minti biyar an gama, a ba shi abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, a wuce gona ko wajen dafa mazarƙwaila ana saurare.

Mu ma muna cikin masu wannan magana, kada wani ya ɗauka daga gefe muke hange. In aka tambaye mu a majalisa ba ma wani dogon tunani, cewa muke Alan da ya fi Alan yanzu. "Baubawan Burmi" da "Jami'a" da "Hasbunallahu" da sauran 'yan uwansu na shekarun 2000 sun fi mana nauyi a kunne da zuciya. Mun sha yin musu a kan haka har ladan ya raba mu. Abin da ya zaunar da mu rubuta wannan shi ne mun fara zargin kanmu. Son da muke yi wa waƙoƙin nan na gaskiya ne, amma hukuncin da muke yanke wa mai su da sunan wannan so, akwai son kai a cikinsa.

Bari mu fara da abin da yake namu na gaskiya, wato nauyin. Me muke nufi in mun ce tsoffin sun fi nauyi? Ba kiɗan ba ne dai. Wanda ya sa abin ji a kunne ya saurara da kyau zai tarar kiɗan wancan lokaci na fiyano ne irin na situdiyoyin Kano, sauti 'yan kaɗan da ake maimaitawa, wani lokacin ma da ɗan shuu a bayansa. Kayan aikin yau sun fi na jiya nesa ba kusa ba. Nauyin a baki yake. Aminu Ladan Abubakar, haifaffen Yakasai a birnin Kano a 1973, marubuci ne kafin duniya ta san shi da waƙa, littattafan labari ya fara fitarwa kamar yadda da yawanmu a ƙungiya muke fafutukar yi yanzu. Wannan tarbiyya ta alƙalami tana bayyana a waƙoƙinsa na farko. Baiti a tsare, amsa-amo ba ya tsallake, magana tana tafiya daga gaɓa zuwa gaɓa kamar mai gina ɗaki yana ɗora tubali. Kiɗa yana baya, murya tana gaba, kuma ba ya sauri. Waƙa takan ɗauki lokacin da mutum zai taka daga bakin titi zuwa gona bai kai ƙarshenta ba.

Ga kuma Hausar. Akwai ranar da muka yi ta gardama a kan abin da "baubawan burmi" ke nufi, kowa da tasa fassarar, har da masu difloma a cikinmu. Wata tsohuwa a gidan da muke zaune a ƙofarsa ta gaji da surutunmu, ta aiko jikarta ta kira mu. Ƙwarya biyu ta ɗauko ta nuna mana yadda ake burmi, a kifa wata a kan wata su haɗa baki, sannan ta birkita su ta ce, "To ga na baubawa nan, 'ya'yan nan, abin da kuka zauna kuna ta da jijiyar wuya a kai ke nan." Muka fito muna dariyar kanmu. Waƙar da sunanta kaɗai ya tura matasa wajen kakarsu neman bayani, ai ta yi aikin da ya wuce nishaɗi. Kuma da muka fahimci sunan sai maganar shugabanci da ke cikinta ta ƙara shiga jikinmu, domin kowane zaɓe muna ganin yadda ake kifa ƙwarya a birkice.

Nauyi na biyu shi ne haɗari. Daga 2007, lokacin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta matsa wa 'yan fim da mawaƙa, har marubuta ma sai da aka nemi su yi rajista da ita. Adam A. Zango ya shiga kurkuku a 2007, Hamisu Lamiɗo Iyantama a ƙarshen 2008. Da yawa suka tattara kayan aikinsu suka dawo nan Kaduna. A tsakiyar 2009 aka haramta waƙoƙi 11 a Kano, "Hasbunallahu" na cikinsu, a watan Yuli kuma aka kama Ala. Kowa da ra'ayinsa a kan wancan zamani, akwai waɗanda har gobe suke ganin hukumar gyara ta yi, ba shi ne zancenmu yau ba. Abin da ba a musu a kai shi ne waƙar da aka yi a irin wannan yanayi, mai ita ya san abin da zai iya biyo baya. Mai sauraro yana jin wannan a murya ko ba a gaya masa tarihi ba.

To daga nan ne gaskiyarmu take fara raguwa. A 2009 ina muke? Mafi yawanmu muna firamare, wasu sun fara ƙaramar sakandare. Ba mu je kotu ba, ba mu san me ake ciki ba. A wayar yayyenmu muka fara jin waƙoƙin, irin wayoyin nan 'yan Caina masu ƙarar tsiya, ana ɗaure rake ana saurare, mu kuma muna tsintar guntaye muna sha. Saboda haka in muka ji "Jami'a" yanzu, rabin abin da ke motsa mana zuciya waƙar ce, rabin kuwa yayanmu ne da ya tafi ci-rani Legas bai dawo ba, da lokacin da mahaifinmu ke da ƙarfin yini a gona, da lokacin da ba mu san farashin buhun taki ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Babu waƙar da Ala zai yi a bana, komai kyanta, da za ta zo da ƙuruciyarmu a cikinta. Muna auna sabbin da ma'aunin da aka riga aka ɗora wa dutse a gefe guda.

Kuma tsakani da Allah, mu nawa ne muka zauna muka saurari sabbin daga farko har ƙarshe? Da yawanmu da mun ji sunan basarake a baitin farko sai mu danna gaba.

Wannan cuta ba mu kaɗai ke da ita ba. Lokacin da muke poli a Zariya akwai wani abokin ɗakinmu ɗan Jos da ba ya jin komai sai kiɗan rok na Turawa, irin mai ƙarar jita da dukan ganga kamar ana rushe gini. Da farko mun ɗauka hayaniya ce kawai, har mukan roƙe shi ya rage. Wata ƙungiya ce abin ƙaunarsa, Metallica ta Amurka, kuma abin mamaki maganarsa sak irin tamu ce. Faifansu na farko-farko kaɗai yake ji, Kill 'Em All na 1983, Ride the Lightning na 1984, Master of Puppets na 1986. Ya ce a nan ne nauyi yake, waƙoƙi dogaye masu sauri da fushi, wata ta haura minti takwas. Da suka fitar da faifansu mai baƙin bango a 1991, waƙoƙin suka gajarta, suka yi laushin da gidajen rediyo za su iya sakawa, sai tsoffin masoya suka ce sun sayar da kansu, alhali shi ne faifan da ya fi kowanne nasu kasuwa. A 1996 da suka aske dogon gashinsu, nan ma aka yi ta kuka kamar an yi rasuwa. Muka tambaye shi shekarar da aka haife shi, ashe duk waɗannan abubuwa sun faru kafin ya zo duniya. Shi ma gadon kewar ya yi, kamar mu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi ci mana rai daga baya. A shekarar 2000 wannan ƙungiya ta kai ƙarar Napster, wata manhaja da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Masoyansu da yawa suka yi ta zaginsu a kan haka. Wato a yi mana waƙa mai nauyi, a zauna yadda muka saba gani, kuma kada a nemi ko sisi a wajenmu. Da abokin nan namu ya ba mu wannan labari mun yi dariya, muka ce Turawa ba su da ta ido. Ba mu lura da memorin da ke aljihunmu ba.

Mu dawo kan maganar "ban da na sarakunan nan", don ita ce ta fi kowacce rauni a hujjojinmu. Tun yaushe waƙar fada ta zama mara nauyi a ƙasar Hausa? Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, kuma har yau malaman Hausa a jami'o'i suna ta haƙa a cikin Bakandamiyarsa ba su kai ƙasa ba. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙofar sarakuna da manyan mutane ya yi rayuwarsa, ko akwai wanda zai tashi a majalisa ya ce Hausarsa ba ta da zurfi? Mamman Shata da muke alfahari da shi, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kaso mai yawa na waƙoƙinsa na mutanen da suka yi masa alheri ne, sarakuna da attajirai da direbobi. Makaɗi a wajenmu tun asali yana da uban gida, uban gida ke ci da shi, ya ba shi doki da riga da gona. Ala da ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero "Bakan Dabo", ya kuma karɓi sarauta irin ta Ɗan Amanar Bichi, hanyar da magabatansa suka bi ya bi. Ana iya cewa wata waƙar yabon ta fi wata, ana iya cewa akwai waɗanda aka yi su cikin gaggawa don biki ya matso, wannan duk sharhi ne da ya halatta, mu ma muna da irin waɗanda ba sa burge mu. Amma a ce don waƙa ta sarki ce shi ke nan ta zama holoƙo, wannan rashin sanin tarihin kanmu ne.

Ko dattawanmu ma haka suke da Shata. Ya rera Bakandamiyarsa sau da yawa a lokuta daban-daban, kuma in ka zauna da masu tsoffin kaset za ka ji kowa yana cewa wadda ya fara ji ita ce ta asali, sauran duk an rage musu gishiri.

Sannan ba doka ba ce a ce aikin farko shi ne mai nauyi. Ga Mdou Moctar, Ba'abzinen nan mai jita daga Jamhuriyar Nijar. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon situdiyoyinmu da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim, kuma ta memori da bulutut ya yaɗu a garuruwan Sahara. Sai daga baya kiɗansa ya yi ta ƙara kauri da zafi, har ya kai ga Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, inda yake magana kan mulkin mallaka da halin da ƙasarsa ke ciki. Me ya ba shi damar yin haka? A ganinmu, babban dalili shi ne ya samu masu sauraron da ke sayen faifai, suna sayen tikiti su shiga wasansa. Mawaƙi yana tafiya ne inda ake riƙe shi. Wanda jama'a suka riƙe zai iya yi wa jama'a magana mai ɗaci ya kwana lafiya, ya kuma ciyar da iyalinsa.

Mu fa, me muka riƙe Ala da shi? A nan ne maganar take da zafi. Duk shekarun da muka yi muna jin "Baubawan Burmi", daga memorin yaya zuwa bulutut zuwa Xender, mu dai a majalisarmu ba mu samu ko mutum ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce kuɗinsa ya taɓa isa hannun mai waƙar ba. Mai shago muka biya, shi ma ladan turawa ne. Ko YouTube da ake cewa kallo na kawo wa mawaƙi ɗan abu, mutum ɗaya ne ke sauke waƙar ya raba wa ashirin don a tsimi data. Ba ma raina talaucinmu, mun san yadda aljihu yake. Amma wanda ke sayen katin waya kullum, ya zauna gidan kallon ƙwallo duk Asabar da Lahadi ya biya, ba zai ce rashi ne kaɗai ya hana shi ba. Mun saba ne da ɗaukar waƙa kamar iska, abin da ake shaƙa ba a biya. Situdiyo kuwa ana biya, mai kiɗa ana biya, 'yan amshi ana sallamarsu, ga kuɗin makarantar yara. Ranar da aka kama mutumin nan a 2009, shi da iyalinsa suka kwana da abin. Yanzu mu da ba mu ba da komai ba, mu ne muke tsaye muna cewa ya koma ya sake ɗaukar irin wannan kasada don mu ji daɗin saurare a gona. Laifi tudu ne.

Ba muna cewa a daina son tsoffin ba. Mu kanmu gobe in muka je shago su za mu ce a zuba mana, kuma muna nan a kan cewa a cikinsu akwai abin da ba kasafai ake samu ba. Amma so yana da aiki. Ku duba halin da waƙoƙin suke ciki a wayoyinmu. Wata an yanke mata baiti biyu na ƙarshe, wata wani mai shago ya ɗora muryarsa a tsakiya yana tallar lambarsa, wata an rubuta mata sunan da ba nata ba, wata an kwafa an sake kwafa har sautin ya dushe. Memori ya lalace, shi ke nan an tafi. Waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun iso gare mu ne saboda gidajen rediyo irin na Kaduna sun ɗauka sun adana, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun zauna sun rubuta su baiti-baiti a littafi. Tarihin Shata ma sai da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka bi gari-gari kafin littafin Shata Ikon Allah ya fito a 2006. Mu da muke kiran kanmu marubuta a Makarfi da Ikara da Kudan, wace waƙa ɗaya muka taɓa zama muka rubuta daidai, muka nemi izinin mai ita, muka yi mata sharhin da ɗan sakandare zai karanta ya ƙaru? Musu a majalisa muka iya.

Abin da ya sa duk wannan ya dame mu a wannan makon ba ma Ala ba ne, shi Allah ya riga ya ɗaukaka shi, surutunmu ba ya rage masa komai. Wani yaro ne a nan yankinmu, ƙanin abokinmu. Bara ya je Zariya ya ɗauki waƙa a kan manomin rake, yadda ake cin bashin taki da rani, a yi wata da watanni ana ban ruwa da tsadar fetur, ranar sara kuma dillali ya zo da mota ya yanka farashin da ya ga dama. Minti bakwai da wani abu, Hausa tsantsa, akwai baitin da in ya zo sai ka ga dattijo ya sunkuyar da kai. Muka yaba, muka ce ga magajin su Ala ya fito, muka tura wa juna ta Xender har ta kai Hunkuyi da Tashar Yari. Babu wanda ya tambaye shi nawa ya kashe.

Makon jiya muka ji sabuwar waƙarsa. Ta wani mai neman kujera ce, minti uku, sunan mutumin da kirari da amshin da ake tafi. Nan take wani a cikinmu ya taɓe baki ya ce, "Ai yaron nan ya lalace, ta farkon ta fi nauyi." Da muka haɗu da shi a wajen mai shayi muka tsokane shi da maganar, bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaya, har yau mai situdiyo yana bi na cikon kuɗin waccan ta raken. Wannan kuwa kafin in buɗe baki aka biya." Ya ce yana da wasu guda uku a rubuce a littafin makaranta, ɗaya a kan 'yan ci-rani, ɗaya a kan matan da ke haihuwa a hanya kafin a kai asibiti, ta ukun bai gaya mana ba.

Mun tambaye shi adadin bashin, ya faɗa, bai kai abin da majalisarmu ke kashewa a data cikin mako biyu ba. Mu bakwai da ke wurin mun yi alkawarin haɗa shi kafin Juma'a, uku sun riga sun bayar. Littafin waƙoƙin kuma ya yarda zai kawo mana zaman ƙungiya na ƙarshen wata mu gani, da sharaɗin kada kowa ya ɗauki hotonsa da waya.